Kafin ka sayi kayan murhun jin ɗumi, tsaya ka karanta

Jama'a in Disamba ta kama, murabba'aniyya ta shigo, wato kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi, kowa a Riyadh maganar mashab yake, wato ɗan murhun nan da ake yi a haush, tsakar gida ke nan, a zagaye shi da dare ana gahawa da shayi. 'Yan uwa da yawa suna tambayata wanne ya kamata su saya, to ga abin da na sani.

Na gas kam ban ma sa shi a lissafi ba, ga tsada, ba garwashi, ba inda za ka gasa ko tsinken tsire ɗaya. Mangal ɗin langa-langa, wato kaskon gawayi, da ake jerawa a bakin shaguna shi ma sanyi ɗaya yake yi, gindin ya lanƙwashe fentin ya ƙone da wari. In dole sai na ƙarfe kake so, ka je sana'iyya, unguwar masu aikin ƙarfe da kanikawa, mai walda ya yi maka da kauri milimita 3 ko fiye, kuma kar ka yarda da ƙarfe mai rufin zinki, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Bulon siminti kuwa tsagewa yake yi, duwatsun wadi, wato kwarin da ruwa ke bi, ma haka, in akwai danshi a cikinsu suna iya fashewa su yi tsartuwa a fuskar yara.

Ni dai nawa bulon wuta ne, wanda Larabawa ke ce wa ɗub harari. Shi ake sa wa a gidan burodi, yana ɗaukar zafin da ya wuce digiri 1000, kuma abin da ya fi burge ni ba sai ka sa siminti ba. Yawancinmu gidan haya muke, in ka gina abu a haush mai gida ba zai bar ka ba ranar tashi, amma wannan jerawa kawai za ka yi, lokacin zafi ka kwashe ka tara a lungu. Ka fara zuba yashi kamar santimita 10, ka shimfiɗa layi ɗaya na bulon a ƙasa saboda kar zafi ya kai ga tayil, tayil in ya tsage kai za ka biya. Sai ka zagaye, faɗin ciki kamar santimita 80, hawa uku ya isa, a hawan farko ka bar 'yan kafofi iska ta riƙa shiga in ba haka ba hayaƙi zai kore ku. Ka nisanta shi da bango da rumfa da silindar gas aƙalla mita 3. Bayan wutar ta mutu bulon yana riƙe ɗumi, ka ɗora buta a gefe shayi ba zai huce ba har a gama hira.

To amma nan ne ha'incin yake, kuma wallahi ya yi yawa. Wani mai kayan gini ya taɓa loda min jan bulo na gini a ƙasan kaya, ya jera na gaske a sama, daren farko biyu suka tsage. Na gaske ba ja ba ne sosai, ya fi kama da ruwan ƙasa mai haske, ba ramuka, girmansa kamar santimita 23 da 11, in ka ɗaga za ka ji nauyi ya fi kilo 3. Ka buga biyu da juna, mai kyau ƙara yake yi tas, mai tsaga a ciki ƙararsa a dushe take. Kar ka tsaya a ɗaya, ka zaro daga tsakiya da ƙasa, kuma a loda a gabanka. Masu talla a intanet da hoto mai kyau suna cewa turo arabun, wato kuɗin kafin alƙalami, tukuna, ka rabu da su.

Itace ma haka. Saudiyya ta hana sara da sayar da itacen gida irin su samur da gada da arɗa, har da gawayinsu, tarar kuma dubban riyal ce, jami'an tsaron muhalli suna tare motoci a hanya. Wanda aka shigo da shi daga waje shi ne halal ɗinka. Duk mai zuwa maka da mota da dare yana raɗa cewa samur ne na asali, ko dai zai ja maka tara ko kuma ƙarya yake, ɗanyen icce ne. Busasshe ba ya nauyi sosai kuma bakinsa a tsattsage yake. Buhun gawayi ka zazzage shi, wasu rabi gari ne da tsakuwa a ƙasa, wasu har ruwa suke yayyafawa don kilo. Katakon gini mai fenti kar ya shiga wutar da za ka gasa nama.

Kuma don Allah komai sanyi kar a kwashi garwashi a kai ɗaki a rufe ƙofa, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji. Bokitin yashi ya zauna kusa, lambar difa'ul madani, wato 'yan kwana-kwana, 998 ce, amma a Riyadh 911 ake kira.