Biskit ɗin shotbired: wane mai da wace fulawa za ki saya a Jos?

Uwargida, kaya uku ne kacal a wannan biskit na mutanen Sikotlan: sukari kashi 1, bota kashi 2, fulawa kashi 3, a bisa nauyi. Wato giram 100, 200 da 300. Babu ƙwai, babu yis. Tunda haka ne, kuɗinki ya tafi kan mai, don shi ne ɗanɗanon gaba ɗaya.

Botar madara ta kanti, wadda ake naɗewa a takarda a ajiye a firji, ita ce ta asali. Kitsenta ya kai kashi 80 cikin 100, shi ya sa biskit ɗin yake narkewa a baki. Tsada ce matsalarta. Majarin, wato irin botar da ake sayarwa a roba, ya fi araha nesa ba kusa ba, amma man tsirrai ne, ƙamshin madara sai dai na ƙari. In ya zama dole, ki ɗauki na gashi, ban da mai laushin nan na shafa wa burodi, ruwansa ya yi yawa.

Ni dai man shanun Fulani nake so. Ɗanyensa yana ɗauke da tsamin nono, sai kin wanke shi da ruwan sanyi har ruwan ya daina fari. Soyayye kuwa babu ruwa a jikinsa, biskit ɗin zai fi rugurgujewa, sai ki rage man kaɗan ki yayyafa madara cokali ɗaya. Ki shinshina kafin ki biya. Kuma kada ki karɓi wanda aka soya da albasa, na tuwo ne wannan!

Fulawar buhu ta wadatar. Mai son lafiyayyen abu ta nemi alkama a kasuwar Katako ta kai inji, ta tankaɗe, ta haɗa rabi da rabi da farar fulawa. Zallar alkamar nauyi take yi. Ga kuma acca, arzikin Filato: garinta giram 50 a madadin giram 50 na fulawar yana sa biskit ya yi gardi.

Sukari mai manyan ƙwayoyi ki daka shi ya yi laushi, ba sai kin sayi na kwalliyar kek ba.

Sanyin Jos gata ne a nan, musamman da hunturu, don kwaɓin ba ya narkewa a hannu. Ki gasa a digiri 160 na kimanin minti 25, ko a tukunya mai yashi a ƙasa bisa garwashi kaɗan, ki sauke da zarar gefensa ya fara ja.