Ranar da 'yata ta haɗu da Gizo a titin Tooley

A gidanmu na Zariya, idan an yi isha'i an ci tuwo, Iya ce ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida mu kewaye ta. Da ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," mu amsa da "Ta zo mu ji ta," shi ke nan Gizo ya shigo da wayonsa, Ƙoƙi na biye da shi tana haƙuri. Allah ya jiƙan Iya. Yarana biyu kuwa a Landan aka haife su. Na sha gwada yi musu tatsuniya, amma tatsuniya tana son taro: masu amshi, masu gardama, wani ya ji tsoro ya maƙale a jikin wani. Ni kaɗai a ɗaki, fitila a kunne, babbar takan saurara ne don kada ta ɓata mini rai, ƙaramin kuma hankalinsa na kan wayar babansa. Abin ya daɗe yana cina a rai.

A 2020, lokacin kullen korona, wata maƙwabciyata 'yar Ghana ta turo mini wani bidiyo ta WhatsApp ta ce in kunna wa yara. Wani gidan wasan kwaikwayo na yara da ke nan Landan mai suna Unicorn ne ya sa shi kyauta a intanet, gajerun labarai uku a ƙarƙashin sunan Anansi the Spider Re-Spun, waɗanda aka ciro daga wasan da suka fara nunawa a 2019. Minti biyu da farawa na gane mutumin. Gizo ne. Kwaɗayin nan, dabarar nan, da ƙin jin kunya idan asiri ya tonu. 'Yata tana da shekara huɗu a lokacin, ta kalla har ta haddace. Saboda haka da na ji an dawo da wasan kan dandamali a farkon 2023, ban tsaya dogon shawara ba, na sayi tikiti uku.

Kafin mu je na ɗan bi tarihin gidan, don ba na kai yarana inda ban san asalinsa ba. Wata mata ce ta kafa shi, Caryl Jenner, a 1947, shekara biyu da gama yaƙin duniya na biyu. Ba ta da gini. Mota ce da ita da 'yan wasa kaɗan, suna yawo gari-gari da ƙauyukan Ingila, su sauke kaya su yi wasa su naɗe su ƙara gaba. Sunan ƙungiyar a lokacin Mobile Theatre, wato gidan wasa na tafi-da-gidanka. Sai a 1962 ta koma Unicorn, sunan dokin almarar Turawa mai ƙaho ɗaya a goshi. A 1967 suka samu matsuguni a Arts Theatre da ke kusa da dandalin Leicester, inda yara ke da rana, manya ke da dare, a dandamali guda. Haka suka zauna har 1999.

Abin da ya tsaya mini a rai game da matar nan shi ne aƙidarta. Ta dage cewa wasan da za a yi wa yaro, da ma'aunin da ake auna na manya za a auna shi, daga rubutu zuwa tsarawa zuwa iya wasa zuwa kayan dandamali. Kada a ce ai yara ne, komai aka ba su za su karɓa. Duk wadda ta taɓa renon yaro ta san gaskiyar wannan. Babba yakan daure wa abin da bai yi masa daɗi ba saboda kara, yaro kuwa ba ya kara; idan ka gundure shi, a take zai sanar da kai. Jenner ta yi shekaru tana fafutukar a gina wa yara gidan wasa nasu na kansu. Ta rasu a 1973 ba ta ga ginin ba. Sai a ƙarshen 2005 aka buɗe shi a titin Tooley, unguwar Southwark, shekara 32 bayan rasuwarta, bayan ƙungiyar ta yi shekara shida tana aron wurare. Mai zanen ginin Keith Williams ne, kuma an riƙa zama da 'yan makarantar firamare ta Tower Bridge ana jin ra'ayinsu kan yadda suke so gidan ya kasance. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin sau nawa muke yi wa yara abu ba mu tambaye su ba?

Ranar Asabar muka je, ana sanyin nan na Janairu mai shiga ƙashi. Jirgi muka hau zuwa tashar London Bridge, daga nan tafiyar ƙafa ce ta kamar minti goma, ka miƙe titin Tooley ta wajen gadar Tower. Shawarata ga mai zuwa, ya bar mota a gida. Tsakiyar Landan ce, wurin ajiye mota wahala gare shi. Ginin ba shi da ado irin na gidan yara da muka saba gani, babu zane-zanen katun a bango. Gilashi ne da kankare da jan ƙarfe, kamar kowane babban gidan wasa na birnin. Da farko na yi mamaki, daga baya na fahimci aƙidar Jenner ce har a jikin bango: an gina wa yara gida mai kwarjini, irin wanda ake gina wa manya. Zaure biyu ne a ciki, babban ana ce masa Weston, yana ɗaukar mutum 290, ƙaramin kuma Clore, yana ɗaukar kimanin 100.

Da aka buɗe ƙofa, 'yata ta ja ta tsaya. An kafa wata bishiya, an zaunar da yara a ƙasa kusa da gindinta, ba wata tazara tsakaninsu da masu wasa. Ni dai nan take na tuna tabarmar Iya. 'Yan wasa uku ne kawai, su ne masu ba da labari, su ne Anansi, su ne macijin, su ne sauran dabbobin dawa. Da sauya murya da karkata kafaɗa mutum ya zama wani abu daban. Ga kiɗa ga waƙa, kuma ba a bar yaran su zauna shiru ba. Ana tambayar su, suna amsawa, suna yi wa Anansi ihu idan ya fara shirya tsiya.

Cikin labarai ukun da suka yi, na farkon, labarin tukunyar hikima, ya fi kama ni. Tsohuwar tatsuniyar Akan ce ta ƙasar Ghana, inda kalmar ananse take nufin gizo-gizo a harshensu. Anansi ya tattara hikimar duniya kaf ya zuba a tukunya, ya ƙudura zai ɓoye ta a ƙololuwar bishiya don kada kowa ya samu. Ya ɗaura tukunyar a gabansa ya kama hawa, tukunya ta tokare shi, ya zame, ya sake, ya zame. Sai ƙaramin yaro ya ce masa ai da a baya ya goya ta. Wanda ya tara hikimar duniya, yaro ne ya gyara masa ɗauri. Tukunya ta faɗi ta fashe, hikima ta watsu kowa ya tsinci rabonsa. Na duba fuskokin yaran lokacin da yaron labarin ya fi babba dabara, na ga yadda suka miƙe wuya. Labari ne da ke gaya wa yaro cewa kansa ma akwai abu a ciki, kuma a ɗakin da aka gina bisa wannan imanin ake ba shi.

Na biyun kan Anansi da maciji ne. Na ukun kuma Anansi ne ya ji ana biki biyu a lokaci guda, ya rantse sai ya ci tuwon kowanne. Mu dai mun san ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. An ɗauko wannan labarin an kawo shi zamanin yanzu, da irin maganar da yaran Landan ke ji a titi, kuma nan ne zauren ya fi kacamewa da dariya. Ni na fi son na tukunya, 'yata ta fi son na biki, har yau ba mu daidaita ba. Duka wasan bai wuce kamar awa ɗaya ba, an kuma tsara shi ne don 'yan shekara 3 zuwa 7. Ɗana mai shekara huɗu ya fara mutsu-mutsu can wajen ƙarshe, amma da aka sake buga kiɗa ya dawo.

Wani abu da ban zata ba shi ne irin mutanen da na tarar. Kusa da ni wata dattijuwa ce 'yar Jamaika da jikokinta, gabanmu iyali 'yan Ghana, can gefe Turawa. Kafin a fara muka ɗan taɓa hira da dattijuwar, ta ce ita ma kakarta ta ba ta labarin Anansi tana ƙarama. Haka ne kuwa, don bayin da aka kwasa daga gaɓar Afirka ta Yamma sun tsallaka teku da shi a bakinsu, ya yi saiwa a Jamaika da sauran tsibiran yankin. Na ce mata mu Hausawa Gizo muke ce masa, har mata gare shi. Ta yi dariya ta ce ashe ko'ina ya je halinsa ɗaya. A kudancin Landan, inda 'yan Ghana da 'yan Najeriya da 'yan Jamaika suka cika unguwanni irin su Peckham, zaɓen wannan labarin ya nuna gidan ya san maƙwabtansa.

Daga baya na ƙara fahimtar aikin da suke yi a wajen dandamali. Unicorn ƙungiyar jinƙai ce mai rajista, tana samun tallafi daga Arts Council England, hukumar da ke raba kuɗin raya fasaha a Ingila, sannan da gudummawar jama'a. Da wannan ne suke sassauta wa makarantu kuɗin tikiti, shi ya sa a ranakun mako ajujuwa ne ke cika zauren, malamai na gaba yara na biye a jere. Yaro da yawa da iyayensa ba su da hali ko ba su da sabo da irin wannan wuri, ta hanyar makaranta yake fara taka ƙafa. Suna ware wasu ranaku da mai fassara da maganar hannu don kurame, wasu a sa rubutu a allo, wasu kuma a riƙa yi wa makafi bayanin abin da ke faruwa ta na'urar kunne. Akwai kuma ranakun sakin jiki, inda ba a kashe fitilu duka, a rage ƙarar sauti, yaro ya tashi ya fita ya dawo ba mai harararsa. Ina da ƙawa mai ɗa da lalurar galahanga, wato otizim, wadda ta daina kai shi taro saboda kallon da mutane ke yi mata. Ita na fara kira da na ji wannan. Har jarirai 'yan wata shida an yi musu wasa nasu a gidan, abin da da wani ya gaya mini a baya da na yi musu.

A jirgin komawa na riƙa tunanin tashe. Mu ma muna da wasan kwaikwayon yara tun kaka da kakanni. Azumi ya kai goma, maza su fito da gemun auduga suna Tsoho da Gemu, mu mata mu ɗauki ƙwarya da ludayi muna Mairama da Daudu, gida-gida, a ba mu hatsi ko 'yan kuɗi. Mu ne marubuta, mu ne 'yan wasa, zaure da tsakar gida su ne dandamali. A cikinsa muka koyi yadda ake zaman aure da yadda ake tsokanar mai rowa ba tare da an yi faɗa ba. Abin da ya rage mana shi ne manyan da za su ɗauki abin da muhimmanci har su tsaya masa shekara da shekaru, kamar yadda matar nan ta yi da motarta. Na ji ciwon cewa sai da na zo bakin kogin Thames na ga an kafa wa ɗan'uwan Gizo bishiya, an haska masa fitila, an biya ƙwararru su yi shi da kyau.

Ga iyayenmu Hausawa da ke Landan ko masu zuwa hutu da yara, ina ba da shawarar wurin da zuciya ɗaya. A duba shekarun da aka rubuta a jikin kowane wasa kafin a sayi tikiti, don da gaske suke yi. Suna da na jarirai har zuwa na 'yan shekara 13, kuma abin da ya dace da babba ba lallai ya dace da ƙaninsa ba. A sayi tikiti da wuri idan wasan a ƙaramin zaure ne, musamman lokacin hutun makaranta. A sa kayan da za a iya zama ƙasa da su. A kuma karanta bayanin wasan tukuna, kamar yadda za a yi da kowane abu da za a nuna wa yaro, kowane gida da tarbiyyarsa.

Da daddare muka kira Hajiya a Zariya ta bidiyo. 'Yata ta karɓe wayar tun kafin mu gama gaisawa.

"Kaka, kin san Anansi?"

"Wane ne kuma haka, kishiyata?"

Ta kwashe labarin tukunya ta ba ta, rabi da Hausa rabi da Turanci, tana nuna yadda ya ɗaura ta a ciki yana zamewa. Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wannan ai Gizo ne. Uwarki ba ta ba ki na ranar da ya je bikin 'yan tsuntsaye da aron gashi ba?"

'Yata ta juyo ta dube ni, ta koma kan wayar. Ta kira ƙaninta ya zo ya zauna, ta gyara zama ta naɗe ƙafa a kan kafet.

Hajiya ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Na buɗe baki zan koya musu amsar, sai na ji babbar ta riga ni.