Obudu ko Mambila: abin da na gani bayan na hau duka biyun

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a Agege, kuma duk wanda ya san zafin Legas na watan Maris, lokacin da fanka ke hura iska kamar daga bakin tanda, ba zai tambaye ni dalilin da ya sa nake neman tudu mai sanyi idan hutu ya samu ba. Wurare biyu ne aka fi ambatawa: Obudu a Jihar Kuros Riba da Mambila a Jihar Taraba. Na je Obudu shekara uku da suka wuce tare da abokan aiki, bana kuma na kai iyalina Mambila ta hannun wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Ikeja.

A wajen tsayi kusan kansu ɗaya, domin Obudu na kan mita 1,576 ne daga doron teku, Mambila kuwa kimanin mita 1,600. Saboda haka wanda sanyi kaɗai yake nema zai same shi ko ina ya nufa. Bambancin yana ga irin zaman da mutum zai yi idan ya isa.

Obudu wuri ne da aka tanada domin baƙi. Turawa ne suka fara shi a matsayin gandun shanu a 1951, daga baya gwamnatin jihar ta Donald Duke ta ƙara masa motar igiya, wato keken da ke rataye a waya yana kai mutane saman dutsen, mai tsawon kusan kilomita 4 a 2005. Mu ta hanyar mota muka hau, kilomita 11 mai kwana 22, har wani abokinmu ya rufe ido yana ta salati. A can sama komai yana kusa da kusa, daga masauki har gadar igiya da ke dajin Becheve, kuma cikin kwana biyu mun gama ganin abin gani. Abin da ya ɗan takura ni shi ne Musulmi ba su da yawa a yankin, sai na tsaya ga kifi da ƙwai, salla kuma a ɗaki na riƙa yin ta ni kaɗai.

Mambila kuwa ƙasa ce ta mutane da dabbobinsu, kuma kafin a kai gare ta sai an ji jiki. Daga Legas muka bi jirgi ta Abuja zuwa Jalingo, sannan mota ta Bali da Serti har Mayo Selbe, inda hawan yake farawa. A nan ne kamfanin ya fara ba ni kunya. Sun rubuta mana cewa awa huɗu ce daga Jalingo zuwa Gembu, babban garin Mambila, amma mun tashi da hantsi ba mu isa ba sai bayan magariba, ga yara uku a baya sun gaji da tambayar ko mun kusa. Da na yi wa direban ƙorafi, sai ya yi murmushi ya ce, “Alhaji, wanda ya gaya maka haka bai taɓa hawa dutsen nan ba.” Haka kuma suka jera Chappal Waddi cikin wuraren da za mu ziyarta kamar yawon la’asar, alhali wannan ƙololuwa mai mita 2,419, wadda babu kamarta a Najeriya, tana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti ne, kuma hawanta tafiyar kwanaki ce da ƙafa tare da ɗan jagora. Masaukin da suka kama mana yana da tsabta, sai dai ruwan zafin da suka yi alkawari bokiti ne da wani yaro ke ɗumamawa a kan itace ya kawo bakin ƙofa. Da asubar farko, kafin ya iso, na yi alwala da ruwan famfo, sai da yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa.

Da gari ya waye, duk wannan ya fice mini daga rai. Hazo ya kwanta a kwari kamar an baza auduga, tuddai kore shar sun miƙe iyakar ganin ido, ga garken shanu suna gangarowa tsakanin itatuwan turare. A Nguroje muka tsaya wurin wani mai shayi da ya naɗe kansa da rawani har kunne. Ya miƙo wa uwargida kofi yana cewa, “Hajiya, riƙe shi da hannu biyu tukuna, ki bari tafinki ya fara sha.” Ganyen da ya dafa mana daga Kakara yake, ba nisa da inda muke zaune, kuma da muka je gonar muka tarar da masu tsinka suna cire ’yan ganyen saman kawai suna jefawa cikin kwandunan da ke bayansu. Babban ɗana, wanda a Legas aka haife shi, ya ɗauka a masana’anta ake ƙirƙirar ganyen shayi.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ban ji ni baƙo ba. Fulatanci ne ya fi yawo a kasuwar Gembu, amma da Hausa muka yi cinikin kindirmo da ayaba, muka yi sallar Juma’a cikin jama’a, nama kuma ba sai na tambayi wanda ya yanka ba. Yankin yana cikin ɓangaren arewa na Kamarun Ingila, wanda ya zaɓi shiga Najeriya a ƙuri’ar raba-gardama ta 1961 aka kuma sa masa suna Lardin Sardauna, shi ya sa har yau ƙaramar hukumar ke ɗauke da sunan Sardauna.

Wanda hutunsa bai wuce kwana huɗu ba, ko yake tare da dattijo mai ciwon baya, ni Obudu zan nuna masa, domin Mambila za ta cinye masa kwana biyu a hanya kaɗai. Mu kwana shida muka ɗauka, kuma bai ishe mu ba. Uwargida ta riga ta ce baɗi kwana goma za mu yi, ni kuma na karɓi lambar direban nan, domin kuɗin da na ba kamfanin Ikeja gara na ƙara a kan masauki mai injin ɗumama ruwa.