Baba mai gyaran keken ɗinki a Taminus

Kekena Butterfly ne, gadon mahaifiyata. Kowa a gida cewa yake in haƙura da shi, na ƙi. Sau huɗu ina kai wa wani dattijo mai gyara a bayan Taminus, nan Jos. Ya canja bel, ya canja kwarkwaro, zare bai daina tsinkewa ba.

Zuwa na biyar, cikin sanyin Disamba, ya kwance kan gaba ɗaya, ya nuna mini ƙarfen da ya cinye. Ya ce, "'Yata, ki bar shi haka. In na ƙara karɓar kuɗinki, na ci haram." Ko sisi bai karɓa ba. Har gida ina hawaye.

Baba akwai jinkiri, shagon kuma ba wurin zama. Amma sabon da na saya, wurinsa na kai ya haɗa mini.