Tallafin sassabe da gyaran filin kiwo a Amurka: wane shiri ya dace da mai fili?

Duk wanda ya mallaki filin kiwo a Texas ko Oklahoma ko Kansas, ko yake shirin saye, ba zai daɗe ba zai yi karo da itatuwan da ke mamaye makiyaya. A kudanci da yammacin Texas meskit ne ke cinye fili, itace mai ƙaya wanda ɗan'uwan kirya ne, kuma danginsa ne ya cika wasu wurare a Diffa da gaɓar tafkin Chadi. A tuddan tsakiyar Texas junifa, itace mai ganye kore duk shekara, ce ta fi yawa, haka nan wani nau'inta mai jan katako yana ta yaɗuwa a Oklahoma da Kansas da Nebraska. Idan itatuwan nan suka haɗa kai, ciyawa tana raguwa, adadin shanun da fili zai iya ɗauka yana faɗuwa, hayar katafila kuwa ta fi ƙarfin yawancin ƙananan makiyaya. Shi ya sa gwamnati ta tanadi shirye-shiryen da take ɗaukar wani kaso na kuɗin aikin, mai fili ya ɗauki saura.

Wanda ya fi dacewa da filin da itatuwa suka riga suka rufe shi ne shirin EQIP, wanda dokar noma ta 1996 ta kafa, kuma hukumar NRCS, mai kula da kiyaye albarkatun ƙasa a ma'aikatar noma, ke gudanarwa. Yana biyan har kashi 75 cikin 100 na ƙiyasin kuɗin aiki, kuma yakan kai kashi 90 ga wasu rukunai, kamar wanda bai wuce shekara 10 da fara noma ko kiwo ba, da tsoffin sojoji, da masu ƙaramin ƙarfi. Ba sassabe kaɗai yake ɗauka ba, domin a cikin yarjejeniya guda ana iya haɗa shingen raba makiyaya gida-gida, da bututun ruwa, da wuraren shayar da dabbobi, da shuka irin ciyawa, da ƙona fili bisa tsari. Dokar noma ta 2018 ta ƙayyade cewa daga 2019 zuwa 2023 mutum ɗaya ba zai karɓi fiye da dala 450,000 ba, kuma dokar ta ware aƙalla rabin kuɗin shirin domin harkar dabbobi.

Sai dai wannan kashi 75 yana bukatar a duba shi da kyau, domin ba a lissafa shi daga rasidin ɗan kwangila. Hukumar tana da jadawalin farashi na kowace jiha, inda ta yanke abin da za ta biya a kan kowace eka gwargwadon kaurin itatuwa da hanyar da za a bi, saboda haka idan ɗan kwangila ya tsawwala, ƙarin yana kan mai fili, idan kuma mai fili yana da injinsa ya yi aikin da kansa, sai kason da ya rage masa ya yi sauƙi. Kuɗin ma ba ya fitowa sai an gama aiki, ma'aikacin hukuma ya zo ya duba ya tabbatar an bi ƙa'ida. Rukunan da aka ambata ne kawai za su iya neman kuɗin kafin alƙalami, wanda ba ya gaza rabin abin da za a biya. Wanda ba shi da jarin da zai fara, ko bankin da zai ba shi rance na ɗan lokaci, gara ya nemi gyaran yanki kaɗan da farko maimakon ya ɗaure kansa da fili duka, domin wanda ya karya yarjejeniya ana iya sa shi ya mayar da abin da ya karɓa har da tara.

Batun lokaci shi ma yana kayar da mutane da yawa. Ana karɓar takardun nema duk shekara, amma kowace jiha tana da ranar da take rufe zagaye, ta auna masu nema da maki, ta ba waɗanda aikinsu ya fi amfanar ƙasa da ruwa da namun daji. Ba kowa ke samu ba, kuma duk aikin da aka fara kafin a sa hannu a yarjejeniya ba a biyansa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka mai son ya yi sassabe baɗi ya kamata ya je ofis bana.

A ganina, nau'in itacen da ke filin ya kamata ya yanke shawara tun kafin a zaɓi shiri. Junifar tsakiyar Texas da mai jan katako ba sa toho idan aka sare su ƙasa da reshen ƙarshe mai ganye, kuma wuta tana kashe ƙananansu, don haka sara ɗaya tare da ƙonawa lokaci-lokaci yakan wadatar. Meskit kuwa yana da idanun toho a gindinsa, ƙarƙashin ƙasa, kuma idan aka sare shi daga sama sai ya dawo da rassa masu yawa, ya fi na da wuyar sha'ani. Dole a tumɓuke shi da gindin, ko a yi masa feshin magani, sannan a riƙa bin sabon tsiro shekara da shekara. Yarjejeniyar da ta biya kuɗin katafila ba ta tanadi wannan bibiya ba, ba ta da arha kamar yadda take a takarda.

A nan shirin CSP yake da amfani. Shi ma NRCS ke gudanar da shi, amma an yi shi ne domin wanda ya riga ya gyara filinsa, yana son ya riƙe gyaran ya kuma ƙara a kai. Yarjejeniyarsa ta shekara 5 ce, ana biya kowace shekara, mafi ƙarancin biya daga 2024 dala 4,000 ne, kuma sai an shigar da gonar gaba ɗaya. Bai dace da filin da ya zama kurmi ba. Tsarin da ya fi ma'ana shi ne a buɗe fili da EQIP, sannan a shiga CSP domin kiwon juyi, wato juya dabbobi daga wani yanki zuwa wani, da kula da toho, tare da sanin cewa ba a biyan aiki ɗaya sau biyu.

Akwai kuma reshen makiyaya na shirin kiyaye filaye na CRP, a hannun hukumar FSA mai kula da harkokin manoma a ma'aikatar noma, mai biyan kuɗin haya na shekara 10 ko 15 domin a bar fili a matsayin makiyaya, dabbobi kuma su ci gaba da kiwo. Kariya ce daga mayar da fili gona ko gine-gine, ba kuɗin sassabe ba. Mai sha'awar namun daji zai iya duba shirin haɗin gwiwa da masu filaye na hukumar kifi da namun daji ta tarayya, wanda aka fara a 1987, yarjejeniyarsa kuma ba ta gaza shekara 10.

Mai fili a tsakiyar Texas yana da ƙarin abin lura, domin akwai wani ɗan tsuntsu mai kumatu ruwan zinariya da aka sa cikin jerin masu fuskantar ɓacewa a 1990, wanda ke saƙa sheƙarsa da ɓawon tsofaffin junifa, kuma hukuma ba za ta amince a share irin wannan duhuwa ba sai an bi ƙa'idojin kare shi. Kowane shiri aka zaɓa cikin na ma'aikatar noma, matakin farko shi ne a yi rajistar fili a ofishin FSA na gunduma a karɓi lambar gona, da takardar mallaka a hannu, ko takardar haya da ta nuna filin zai zauna a hannun mai nema har ƙarshen yarjejeniya.