Yawon bas na wuni ɗaya daga Finiks zuwa Giran Kanyon, ga yadda na gani

Duk wanda ya zo jihar Arizona ta Amurka ba shi da mota kuma yana son ganin Giran Kanyon (Grand Canyon), ƙaton kwarin da kogi ya yanke a cikin duwatsu, irin wannan yawon na ƙaramar bas da kamfanonin yawon buɗe ido ke shiryawa daga birnin Finiks zai fitar da shi kunya, amma ya sani tun yanzu mafi yawan wunin a kan hanya zai ƙare, dan tafiyar kusan awa huɗu ce zuwa kawai, ban da tsaye-tsaye.

Tun da asuba suka ɗauke mu, bas ɗin tsaf, ga ruwan sanyi, direban shi ne kuma ɗan jagora, mutumin ya san aikinshi wallahi. Inda muka fara tsayawa shi ya fi tsaya mun a rai, Montezuma Castle kusa da garin Camp Verde. Gida ne mai hawa biyar da ɗaki kusan ashirin, an gina shi a cikin kogon dutse sama da ƙasa da wajen mita 27, mutanen Sinagua, 'yan asalin yankin na da, ne suka gina suka zauna a ciki, suka bar wajen wuraren shekarar 1425. Dutse da laka ne kawai, rufin kuma gungumen bishiya suka jera kamar yadda magina ke jera azara a gidan ƙasa, kuma har yau yana nan tsaye saboda kogon ya kare shi daga ruwan sama. Tun 1951 aka hana hawa, daga ƙasa kake ɗaga kai kana kallo, a ƙasan kuma ga rafin Beaver da suke noman masara da auduga da ruwanshi. Ni dai da an bar ni a nan awa biyu ba zan gaji ba, amma ko rabin awa ba mu cika ba aka ce mu shiga mota.

A garin Sedona mun ɗan tsaya, jajayen duwatsu masu kyau sosai, sai dai an fi ba mu lokacin shagunan tsaraba fiye da na duwatsun, wannan gaskiya bai mun daɗi ba, kayan ma tsada.

Kanyon ɗin ta ƙofar gabas muka shiga, wajen hasumiyar Desert View da mai zanen gine-gine Mary Colter ta tsara aka gama a 1932, cikinta akwai zanen bango na Fred Kabotie ɗan ƙabilar Hopi. Daga nan ne na fara hango kogin Kolorado can ƙasa siriri, shi ne kuma ya yanke wannan ramin da tsawonshi ya kai kilomita 446, zurfinshi ya wuce kilomita ɗaya da rabi, faɗinshi a wani wajen har kilomita 29. Subhanallah kawai na iya cewa, hoto ba ya ɗaukar abun nan, duwatsun hawa-hawa ne, ja da ruwan ƙasa da fari, inuwar gajimare na tafiya a kansu. A Mather Point, wani wajen tsayawa a kalli kanyon, mutane sun yi yawa sosai sai ka jira kafin ka samu bakin ƙarfe.

Dan Allah a tafi da rigar sanyi, Finiks zafi amma bakin kanyon ya kai mita 2,100 sama da teku, iska na kaɗawa ba wasa. Abincin rana sanwici ne, ka gaya musu tun wajen yankan tikiti cewa ba ka cin naman alade, ni na ganye da cuku aka ba ni. Sallah kuma na yi ƙasaru na haɗa a gefen wajen ajiye motoci, direban da kanshi ya jira ni ba ɓata rai.

Tauraro huɗu cikin biyar zan ba su, ɗayan gaggawar ce ta cinye. In kana da hali ka kwana a garin Williams ko Flagstaff da suka fi kusa, ka ba kanyon wuni guda nashi shi kaɗai.