Na zauna da masu taya rubutu a jami'armu sau 9, ga abin da na gani

Assalamu alaikum jama'a. Wani ƙanina da yake shirin tahowa karatu Amurka ne ya tambaye ni wai ɗaliban nan da ake cewa suna taya mutum rubutu a jami'a da gaske suna da amfani ko ɓata lokaci ne kawai, na fara bashi amsa a waya sai naga maganar da tsawo, shine nace bari in rubuta yadda wani ma zai amfana. Ina shekara ta biyu a digiri na biyu, fannin lafiyar al'umma, kuma daga bara zuwa yanzu sau 9 na zauna da su.

Yawancin jami'o'in nan suna da cibiyar rubutu, Writing Center suke ce mata, tamu tana hawa na biyu a laburare. Masu aiki a ciki ba lakcarori bane, ɗalibai ne irinka da aka bawa horo, makaranta ke biyansu da awa, kai ko sisi ba za ka ciro ba. A intanet kake zaɓar rana da lokaci, zama ɗaya minti 45 ne a wajenmu, ko ido da ido ko ta Zoom. Abin ya daɗe, tun shekarun 1970 wani malami Kenneth Bruffee ya kafa irinsa a Kwalejin Brooklyn da ke New York, don ya lura ɗalibi ya fi sakin jiki da ɗalibi ɗan uwansa akan malami.

Abin da ya kaini shine wani asaimen mai shafi 10 akan rigakafin shan inna a arewacin Najeriya. Batu ne da na sani ciki da bai, na yi aikin da hannuna a ƙaramar hukumarmu kafin in taho, na bi gida gida da akwatin sanyi a kafaɗa. Na miƙa rubutun farko ina jin na gama, sai malamar ta dawo min da shi da layi ɗaya a sama, wai ta ga bayani da yawa amma bata ga matsayata ba. Ni kuwa a raina nace Turanci ne matsalar, inje a gyara min nahawu shikenan, irin yadda sufabaiza a gida yake bin furojek da jan biro kaje ka gyara ka dawo.

Wadda na tarar yarinya ce da bata wuce shekara 20 ba, aji uku, tarihi take karanta. Gaskiya sai da naji wani iri, don a gida sa'ar ƙanwata ta uku ce, ga shi sunana take kira kai tsaye ba malam ba yaya, haka al'adarsu take. Na tura mata takardun gabanta, sai ta turo min su, tace ni zan riƙe fensir, kuma ni zan karanta a bayyane tana saurare. Nace mata ni gyara nazo a yi min. Tace su basa gyara wa mutum rubutu, dokarsu ce, amma zasu zauna da kai har ka gano gyaran da kanka. Wallahi raina ya ɓaci, saura kaɗan in tattara in tashi, kunya ce kawai ta zaunar dani.

Na karanta shafi biyu sai ta tsayar dani tace in kife takardar, in faɗa mata da baki me yasa iyaye suka ƙi ɗigon. To nan fa bakina ya buɗe. Na faɗa mata yadda a 2003 Kano da wasu jihohi suka dakatar da rigakafin, Kano bata dawo ba sai Yulin 2004 bayan an kawo maganin daga Indonesiya, na faɗa mata gwajin maganin da aka yi akan yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau wanda har yau mutane basu manta ba, na faɗa mata wani magidanci da ya tare ni a ƙofar gida yace ɗansa ya kwana uku da zazzaɓi yaje asibiti ba magani sai dai ya saya, amma wannan ɗigon da bai nema ba an biyo shi dashi har zaure kyauta, ya za ayi ya yarda. Nace mata mutanen nan ba jahilci ne ya hana su ba, yarda ce babu. Duk maganar da nake tana ɗan rubutu a wata ƙaramar takarda mai ruwan ɗorawa, da na tsaya sai ta miƙo min, kalamaina ne ta rubuta ba nata ba, ta ja layi a ƙarƙashin jimlar ƙarshe tace wannan tana ina a cikin rubutunka?

Na duba. Tana shafi na 7, a tsakiyar sakin layi, na binne ta.

Nan na gane abin da malamar take nufi. Mu a Hausa ba a faɗa wa magana haka kawai, sai ka yi sallama ka yi gaisuwa ka yi shimfiɗa, ka zagaya sannan ka zo kan buƙata, wanda ya fara da buƙata ma cewa ake bai da ladabi. Kuma haka aka koya mana furojek, babi na ɗaya ka fara da tarihin duniya, ma'anar lafiya, ma'anar rigakafi, kafin ka iso ƙauyenku an ci shafi 6. Su kuma malaman nan a sakin layin farko suke neman matsayarka, sauran shafukan hujja ce kawai. Ban ce tasu ta fi tamu ba, shimfiɗa tana da wajenta kuma ina sonta, amma mai bada maki abin da yake nema kenan kuma babu wanda ya taɓa zaunar dani ya faɗa min, ba a darasin GST na jami'a a gida ba, ba a ajin shirin jarrabawar Turanci ta IELTS ba.

A zama na biyu ta koya min wata dabara da har yau nake amfani da ita, a gefen kowane sakin layi ka rubuta da kalma biyar ko shida aikin da yake yi. Idan ka kasa, to ba ya aikin komai. Idan kalmomin sun zama kashi biyu, to sakin layi biyu ne ka cusa a ɗaya. Da nayi sai naga uku daga ciki abu ɗaya suke maimaitawa da kaya daban, na goge biyu da hannuna, zuciyata na zafi don na sha wahalar rubuta su.

Wani ɗan saurayi kuma a cibiyar shi ya fitar dani daga tsoron Turnitin, manhajar da malamai ke gano satar rubutu da ita. Da can in zan ɗauko maganar wani sai in ringa canza kalma ɗaya ɗaya ina barin ginin jimlar yadda yake, ashe wannan ma satar rubutu ce a wajensu ko da ka ambaci mai ita. Yace karanta, rufe littafin, faɗa min, sannan rubuta abin da ka faɗa ka sa sunan mai shi da shekara. Shi ya nuna min shafin Purdue OWL inda ƙa'idojin ambaton littattafan da ka duba na tsarin APA bugu na 7 suke a fili kyauta, ya kuma sa na sauke Zotero, manhajar da take tara maka littattafan da ka duba ta jera su da kanta. Kwana biyu nake ɓatawa akan wannan jerin a da.

Amma ba duka ne daɗi ba, kar in yaudare ku. Minti 45 ba ya isar komai idan rubutun ya wuce shafi 5, kan ka ce kwabo an ce lokaci ya cika, wani na tsaye yana jira. Ƙarshen zango kuwa gurbi ba ya samuwa, a Disamba na nema kwana 8 kafin ranar miƙawa duk an cike. Sannan ba duka ne suka iya ba, akwai wanda na samu duk abin da na karanta sai yace yayi kyau, yana satar kallon agogo, na fito ban ƙaru da komai ba. Kuma basu san fanninka ba, idan lissafin binciken ka ne ya karkace ba zasu gani ba, wannan sai malaminka. Abin da ya fi damuna shine dokar nan ta rashin gyara suna tsaurara ta har akan abin da bai kamata ba. Wanda Turanci ba harshen uwarsa bane wani lokacin amsa kawai yake buƙata, ƙananan kalmomin Turancin nan "a" da "the" har gobe suna bani wahala, in ka tambaye ni me kunnena yake ji ba zan ji komai ba don ban tashi da su ba, faɗa min kawai ka bani dalili. Mutum biyu ne cikin waɗanda na zauna dasu suka fahimci haka.

Wasu zasu ce ai ga Grammarly ga ChatGPT. Ina amfani da Grammarly wajen waƙafi da kuskuren haruffa, yana taimakawa. Amma da shi na bawa wancan rubutun da ya wanke min shi tas ya bar hujjata a kwance a shafi na 7, don ba zai ce in kife takarda in yi magana ba.

Don haka ƙanina, da duk mai tahowa, kaje tun makon farko da aka bada aiki, ko da rabin shafi ne a hannunka, kaje da takardar umarnin da malami ya bayar, in ka dace da wanda kuka fahimci juna riƙe sunansa ka ringa neman shi. Yanzu haka wata ƙanwata tana rubuta furojek a gida, ta turo min babi na ɗaya ta WhatsApp wai in gyara mata, ban taɓa mata ko harafi ba, na kira ta nace ajiye takardar ki faɗa min da Hausa me kike son cewa. Ta yi shiru kusan minti ɗaya, sannan ta fara magana ni kuma ina rubutawa.